Layi Goma a Ƙarƙashin Akuya

Litinin, 3 ga wata, 1:20 na rana

Awaki huɗu. Huɗu, a safiya ɗaya.

A shago nake rubuta wannan, na ɓuya a bayan injin kwafi, don na kasa aiki. Wani ya kawo takardar neman aiki in buga masa, sau uku ina ɓata sunansa, har ya leƙo ya ce, "Malama, ko dai ba ki karya ba ne?"

Da safe ina ɗaura ɗankwali Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu, ta faɗo gidanmu ba sallama. Matar da ko kazarta ta biyo sai ta tsaya a ƙofa ta yi sallama sau uku. Ba takalmi a ƙafarta, waya a hannu, tana cewa, "Ina Likita? Likita ya fito ya ga abin da littafinsa ya yi mini!"

Baba bai tambayi komai ba. Ya sauko da jakarsa daga ƙusa, yadda ya saba shekara arba'in yana malamin dabbobi, ya bi ta. Ni ma na bi su.

Ba zan rubuta yadda na gan su ba. Kumfa a baki, ƙafafu a miƙe. Ta biyar ɗin, 'yar ƙarama mai farin goshi, tana saman tulin bulo tana kallonmu. Ita ce ta ƙi kamuwa jiya, rashin jinta ya cece ta.

Maman 'Yan Biyu ta ce allurar tsutsar ciki ta yi musu da yamma, layi goma na sirinji kowacce, yadda littafi ya ce.

Baba ya ce, "Goma? Goma ai awon saniya ne. Akuya layi biyu."

Ta miƙa masa wayar. Ya kai ta dab da idonsa mai ɗan gani, ya daɗe yana dubawa. Ya miƙa mata abarta, ya ce, "Allah ya mayar miki da alheri," ya juya. Har muka iso gida bai ko buɗe jakar ba.

Ni na buga littafin nan. Wata biyar yana faɗa daga ka, ina bugawa a kwamfuta, shafi sittin da biyu na duk abin da ya sani game da kiwo. "Sakatare, rubuta." Haka yake ce mini, har Umma ma ta koma kirana Sakatare in tana so in wanke kwanuka.

Litinin, 5:40 na yamma

Na buɗe kwamfuta. Jadawalin awon allurar tsutsa yana nan lafiya lau. Saniya a hagu, layi goma a ƙarƙashinta. Akuya a dama, layi biyu a ƙarƙashinta. Na yi hamdala da ƙarfi, na ce ashe ita ce ta karanta ba daidai ba. Allah ya yafe mini, har daɗi na ji.

Sai na ɗauko wayar Baba da take caji a falo, don in nuna masa. Ni da kaina na ƙara masa girman rubutu ranar da na sa masa littafin.

A wayarsa babu hagu babu dama. Da rubutu ya yi girma, fuskar wayar ta yi wa jadawalin kaɗan, sai ta warware shi ta jera a tsaye:

Saniya
Akuya
Layi goma
Layi biyu

Na rage rubutun, jadawali ya koma daidai. Na ƙara, ya sake wargajewa. Na rage. Na ƙara. Ban san sau nawa na yi ba, sai da Umma ta ce, "Auta, wayar za ki cinye ne?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talata, 4 ga wata, 7:05 na safe

Tun asuba maganar da muka yi da Yaya take dawo mini.

Watan jiya ne, ranar da muka kammala. Yaya ya zo da iyalinsa, Umma ta yi girki kamar an yi haihuwa. Shi aikinsa ke nan, yana yi wa makarantu da shaguna shafukan intanet, don haka tun kafin ya wanke hannu ya fara.

"Ki bari in ɗora shi a shafi. Wuri ɗaya ne, kowa can zai je ya karanta. In an ga kuskure, minti ɗaya na gyara, kowa ya ga gyararre."

Na ce, "Masu kiwon da Baba ya yi littafin dominsu, a ina za su samu sabis? Da wace data? Fayil ɗin littafi kuwa sau ɗaya za ka sauke, ya zauna a wayarka ko a tsakiyar daji kake. Wannan ya tura wa wancan."

"Ai nan ne abin tsoron. Magana zarar bunu ce. In ya fita, wa zai kamo shi?"

"To kada a yi kuskuren mana."

Ya yi dariya ya ce, "Sarkin sani. To aƙalla ki yi irin fayil ɗin da shafinsa ba ya motsi, kamar hoton takarda."

Na ce wancan a waya rubutunsa kamar tururuwa yake. Irin wanda ake ƙara wa girma nake so, don Baba ya karanta littafinsa da idonsa, kada ya jira sai na dawo daga shago. Wallahi abin da ke zuciyata ke nan. Idon Baba nake dubawa.

Baba ya raba gardamar. Ya ce, "Ku bar Sakatare da aikinta. Ita ta sha wahala, ita za ta zaɓa."

Da zai tafi Yaya ya tsaya a ƙofa yana sa takalmi, ya ce, "Kin dai gwada shi a ƙaramar waya?"

Na ce na gwada.

Talata, 6:15 na yamma

Baba ya kira ni ɗakinsa bayan la'asar. Ya yi mini tambaya ɗaya. Na ba shi amsa.

Abincin yamma yana nan a rufe, ba wanda ya taɓa.

Laraba, 5 ga wata, 12:30 na rana

Jiya ban rubuta tambayar ba. Bari in rubuta, tunda ba mai karanta wannan sai ni.

Yana zaune a bakin gado, wayar a kan cinyarsa. Ya ce, "Sakatare, haka na faɗa miki? Goma ga akuya?"

Na buɗe baki da niyyar in ce a'a. Na rantse da niyyar ke nan. Abin da ya fito shi ne, "Abin da ka faɗa na rubuta, Baba."

Ba ƙarya ba ce. Abin da ya faɗa na rubuta.

Ya ce, "Kuma kin karanta mini, na ce daidai ne."

Na ce, "Eh."

Ya ɗan jinjina kai. Ya sa yatsa ya taɓa gefen goshinsa, ya ce, "Ashe ba idon kaɗai ba ne." Sai ya ce in je, ya gode.

Ya gode!

Alhamis, 6 ga wata, 2:00 na rana

Mai kantin maganin dabbobi na bakin kasuwa ya kira ni a shago. Ya ce wani daga bayan gari ya zo yana kumfar baki, awakinsa biyu sun mutu, ɗaya da ciki.

Na tambaye shi mutum nawa ya tura wa littafin. Ni dai mutum goma sha huɗu na tura wa, ina da sunayensu.

Ya ce, "Haba 'yar Likita, littafin Likita guda? Duk wanda ya sayi ko maganin kwarkwatar kaji a wurina sai na sa masa a waya, kyauta. Sun fi ɗari biyu. Su ma suna turawa. Har wani direba ya ce ya kai wa surukansa."

Da alfahari ya faɗa, bawan Allah. Karamci ya yi mana.

Na zauna a kan kwalin takardu. Na roƙe shi ya faɗa wa duk wanda ya shigo kantin cewa akuya layi biyu ce, ya rubuta da babban alli a ƙofa. Ya ce ya riga ya rubuta. Ya ƙara da cewa, "Girma ne, kowa zai je can. Ki gaishe shi."

Na ce zai ji.

Juma'a, 7 ga wata, 6:50 na safe

Ban gwada ba. Ranar da Yaya ya tambaye ni a ƙofa. A kwamfuta kawai na duba, na ga ya yi kyau. Ban gwada ba.

Asabar, 8 ga wata, 4:30 na yamma

Yaya ya zo shago. Bai gaishe ni ba. Ya ajiye wayoyi uku a kan teburina, babba, matsakaiciya da wata tsohuwa mai tsagaggen gilashi, duk a buɗe a shafi ɗaya. A babbar jadawali yana tsaye. A sauran biyun ya zube.

Na jira ya ce na faɗa miki. Na shirya wa wannan tun Litinin, har amsa na tanada. Bai ce ba. Da ma ya ce, da na samu abin yin faɗa a kai.

Ya ja kujera, muka yi aiki ba mai kallon wani. Ya ɗora littafin a shafin intanet, ya gyara wurin, ko minti goma bai ɗauka ba. Ni kuma na cire jadawalin daga fayil, na rubuta da kalmomi: akuya layi biyu, saniya layi goma. Wannan karon na gwada a duk wayoyin uku. Na tura wa mutanena goma sha huɗu da mai kanti, tare da adireshin shafin.

Da ya miƙe ya ce, "Baba ya sani?"

Na girgiza kai.

"Jiya ya kira ni yana tambayata ko kakanmu ya rikice kafin ya rasu. Kin ji ni?"

Na ce na ji.

"Ke za ki faɗa masa. Ba ni ba. In daga bakina ya ji, ba zai ƙara kallonki yadda yake kallonki ba."

Na ce gobe.

Lahadi, 9 ga wata, 5:10 na yamma

Yau ba rana ba ce mai kyau ta magana.

Baba ya sauke jakarsa daga ƙusa, ya ba Umma, ya ce ta bai wa duk wanda ta ga dama. Jakar fatar nan da ta girme ni, wadda in mun taɓa ta muna yara sai mun sha faɗa. Umma ta karɓa ta ce to. Na bi ta na ga ta cusa ta a bayan buhun gawayi a ɗakin ajiya. Ta juyo ta gan ni ta ce, "Shekara arba'in ina wanke warin awaki daga rigunansa, yanzu ne zan ba wani ƙato jakar? Ki kama bakinki."

Na ce na iya kama baki.

Da hantsi wani ya zo da tunkiya a bayan babur, cikinta ya kumbura. Da can Baba ko abinci yake ci sai ya tashi. Yau daga cikin falo ya amsa, bai fito ba. Ya ce, "Ka kai ta asibitin dabbobi, ɗana. Ni na ajiye."

Mutumin ya ce, "Likita, dubawa kawai."

"Na ajiye."

Ƙusar nan tana bango ba komai a kanta. Duk wanda ya wuce sai ya kalle ta.

Talata, 11 ga wata, 1:00 na rana

Yaya ya turo mini adadin waɗanda suka buɗe shafin a kwana uku. Tara. Huɗu daga ciki ni ce.

To ga shi, ni ma na yi gaskiya. Ba su da sabis, ba su da data, ba za su je shafi ba. Gyararren yana can a zaune tsaf ba mai zuwa wurinsa, ɓataccen kuma yana yawo gari gari ba ya gajiya. Na yi gaskiya, Yaya ya yi gaskiya, awakin mutane suna mutuwa.

Alhamis, 13 ga wata, 3:45 na yamma

Ikon Allah. Ikon Allah!

Sabon fayil ɗin da na tura ranar Asabar, ban canja masa suna ba. Ban canja bango ba. Suna ɗaya, hoton saniya ɗaya, launi ɗaya. Yanzu a wayar mai kanti akwai guda biyu kamar tagwaye, kuma tun Lahadi tsohon yake tura wa mutane, yana ce musu ga gyararre.

Ni ce fa mai buga takardu. Ni ce nake yi wa ɗalibai faɗa in sun kawo mini aiki biyu da suna ɗaya.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na rufe shago na tafi kantin da ƙafa, na karɓi wayarsa na goge tsohon da hannuna. Ya ce mutum nawa ne ma, bai fi talatin ba. Talatin!



Asabar, 15 ga wata, 8:20 na safe

Baba ya fara yi wa kansa jarrabawa.

Da safe ya tambayi Umma yau wace rana, ta ce Asabar, ya ce shi ma haka ya zata. Sai ya jero sunayen jikokinsa daga babba zuwa ƙarami, ya sake jerowa daga ƙarami zuwa babba. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da ya manta inda ya ajiye tabarau, abin da yake yi tun ina firamare, ya dubi Umma ya ce, "Kin gani ko?"

Umma ta ce, "Na ga me? Suna kan goshinka, Malam."

Da can dariya za mu yi. Ba wanda ya yi.

Rabon da ya ce mini rubuta, kwana goma sha biyu.

Litinin, 17 ga wata, 6:00 na yamma

Maman 'Yan Biyu ta zo ban haƙuri. Ita da aka kashe wa awaki. Wannan karon ta yi sallamarta uku a ƙofa.

Ta durƙusa ta ce, "Likita, ka yafe mini shigowar da na yi ranar nan. Zafin rai ne. Shekara nawa kana duba mini dabbobi ko ruwan gidana ba ka sha? Tsufa ne, ba laifinka ba ne. Mahaifina ma haka ya fara."

Baba ya ce, "Haka ne. Na gode."

Ina zaune a gefe ina tsinke zaren gefen tabarma. Ta juyo ta ce, "Ke kuma Allah ya yi miki albarka, kina ƙoƙari da shi. Ki riƙa lura da shi sosai."

Na ce amin.

Na ce amin!

Laraba, 19 ga wata, 2:30 na rana

Yaya ya kai Baba asibiti, shi ya matsa. Likitan asibitin ya yi masa tambayoyi, ya sa shi zana agogo, ya sa shi ƙirga baya baya. Ya ce ƙwaƙwalwarsa garau, ta fi ta wasu 'yan shekara hamsin.

Da suka dawo Umma ta yi guɗa. Baba ya ce, "Kunyata ya ji. Na san irin maganar. Ni ma na sha faɗa wa mai saniya za ta tashi, alhali na san ba za ta kwana ba."

Yaya ya kalle ni daga can ƙofa. Kallo kawai. Ya tafi bai sha ko ruwa ba.

Alhamis, 20 ga wata, 7:15 na safe

Abin da ka faɗa na rubuta, Baba.

Abin da ka faɗa na rubuta.

Gobe.

Asabar, 22 ga wata, 5:30 na yamma

Yau ya ce mini rubuta.

Na ji daga tsakar gida, "Sakatare, zo da kwamfutarki." Wani ɓangare na zuciyata har murna ya yi. Na zauna a ƙasa inda nake zama, ya gyara murya yadda yake yi.

Ga abin da ya faɗa, ga shi yadda na buga:

"Zuwa ga duk wanda littafina ya isa wayarsa. Ina roƙonku ku goge shi gaba ɗaya, kada ku yi aiki da ko layi ɗaya a ciki. Na rubuta shi bayan hankalina ya fara rauni ban sani ba. In na yi kuskure a wuri ɗaya, ban san sauran wuraren ba. Wanda ya yi asara ta dalilina ya yafe mini."

Ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce, "Daidai ne." Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "In dai daidai ɗina yana da sauran amfani."

Ya ce in tura wa kowa gobe da safe, Yaya kuma ya sauke shafin.

Shafi sittin da biyu. Yadda ake juya ɗan maraƙi in ya zo da baya. Yadda ake gane dafin maciji daga na ciyawa. Labarin saniyar da ta haɗiye agogonsa. Shekara arba'in, zai goge da hannuna.

Na kira Yaya na karanta masa. Ya ce, "In kika tura wannan, ba ni ba ke."

Lahadi, 23 ga wata, 11:40 na safe

Na faɗa masa.

Bayan karin kumallo na shiga da kwamfuta a hannu ɗaya, wayarsa a ɗayan. Ya ce, "Kin tura?" Na ce a'a, akwai abin da zan nuna masa.

Na buɗe littafin na asali a kwamfuta, na ƙara haske, na kai dab da fuskarsa. Ya bi da yatsa. Saniya, goma. Akuya, biyu. Ya sake bi. Sai na buɗe wayarsa, na rage rubutu, jadawali ya miƙe. Na ƙara, ya zube. Na rage, na ƙara, a gabansa, yadda na yi ni kaɗai a falo.

Na ce, "Daidai ka faɗa, Baba. Daidai na buga, daidai na karanta maka. Irin fayil ɗin da na zaɓa ne yake wargaza jadawali in an ƙara girman rubutu. Yaya ya ce in gwada, ban gwada ba, na ce masa na gwada."

Na sa ran faɗa. Na so faɗan.

Ya ce, "Yaushe kika gane?"

Ga ƙofar kuɓuta a buɗe. Da na ce jiya, da ya yarda.

Na ce, "Ranar da awakin suka mutu. Da yamma."

"Kafin in kira ki ɗakin nan?"

"Eh."

Na ga leɓunansa suna motsi. Ƙirgawa yake yi, da yatsu, a hankali. Bai yi kuskure ba.

Ya ce, "Awaki kuskure ne. Ni ma na kashe dabbar mutane da hannuna, ba sau ɗaya ba, na je na faɗa musu. Amma kwana goma sha tara. Kwana goma sha tara kina kawo mini shayi, kina kallona ina zaton hankalina ne ya tafi."

Ba da ƙarfi ya faɗa ba. Ya ce in ja masa ƙofa.

Litinin, 24 ga wata, 7:00 na safe

Na gaishe shi. Ya amsa. Kamar yadda yake amsa wa mai kawo takardar wuta.

Talata, 25 ga wata, 6:20 na yamma

Umma ta ji komai. Ta same ni a kicin ta ce, "Garin neman gira kin tsone ido, Auta." Ta yi mini faɗan da nake nema tun jiya, ta haɗa har da laifin da na yi ina aji uku. Na yi kuka har na gode Allah. Da ta gama ta tura mini kwano ta ce in ci, ba a gidanta za a mutu da yunwa ba.

Sai ta shiga ɗakin ajiya, ta fito da jakar duk baƙin gawayi, ta goge ta da tsumma, ta rataye a ƙusa. Baba ya fito alwala ya gan ta.

Ya ce, "Ba na ce ki bayar ba?"

Ta ce, "Na bayar. Wanda na ga dama na ba."

Bai sauke ta ba.

Alhamis, 27 ga wata, 1:30 na rana

Ta bakin Yaya umarnin yake zuwa mini yanzu, ko da ina tsaye a wurin.

"Ka faɗa mata a canja sunan littafin. Bango ya zama ja, wanda ko makaho zai bambance. Babu jadawali ko ɗaya, kowane awo a rubuta shi cikakkiyar magana, da sunan dabbar a farko da ƙarshe. A sa kwanan wata a layin farko."

Yaya ya ce, "To shafi ko fayil, Baba?"

"Duka biyun. Shafin shi ne uwa, can za a riƙa gyara. Fayil kuma shi zai shiga daji. Amma ba zai fita ba sai an karanta mini shi daga wayar da ta fi kowacce lalacewa a gidan nan."

"Tsohon fa? Ba ya kamuwa."

"Da can da ba waya, yaya muke yi in cuta ta shigo? Ƙafa. Ranar kasuwa zan zauna a ƙofar kanti. Duk wanda ya zo ya miƙo wayarsa, ita ta goge ta sa sabo, ni in ba shi haƙuri."

Na ce, "Ni ya kamata in ba da haƙurin, Baba."

Bai kalle ni ba. Ya ce wa Yaya, "Ka faɗa mata za ta bayar. Daga maƙwabta za ta fara."

Na je da la'asar. Maman 'Yan Biyu ta saurare ni har ƙarshe, hannu a haɓa. Ta ce, "Wato ni da na ƙara girman rubutu don in gani da kyau?" Na ce eh. Ta ce, "Kuma kika bar ni na je na ce wa bawan Allah ya tsufa?" Na ce eh. Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce 'yar mai farin goshin nan tana zawo, ta rame, kuma ita ba za ta ƙara riƙe sirinji ba har abada.

Asabar, 29 ga wata, 10:15 na safe

Mun je gidan Maman 'Yan Biyu tare da Baba. Shi a gaba da jaka, ni a baya. Bai ce in zo ba, bai ce in koma ba.

Sai da muka zagaya tulin bulo sau huɗu kafin akuyar ta kamu. Na riƙe ta tsakanin gwiwoyina, zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna. Baba ya duba idonta, ya duba dasashi, ya mammatsa ciki. Hannunsa ya san hanya. Har ya fara yi mata 'yar maganar nan da yake yi wa dabbobi, yana ce mata mara kunya.

Ya buɗe jaka, ya zuƙi magani, ya ɗaga sirinjin sama wajen haske. Layi biyu. Daga inda nake ina gani.

Na jira ya soka. Tun ina ƙarama nake ganin wannan hannun, zuƙa ɗaya, kallo ɗaya, an gama. Bai taɓa tambayar kowa ba.

Ya tsaya. Ya sake kai sirinjin kusa da ido. Ya mayar da maganin cikin kwalba, ya sake zuƙa. Maman 'Yan Biyu ta kau da kai.

Sai ya miƙo mini shi, ya ce a hankali, "Sakatare, duba mini."

Na duba. Na ce, "Biyu ne, Baba. Daidai ne."

Ya ce to.

Ya sake dubawa.